Buhun azumin Anti Ikilima ya tafi ƙunshin ƙosai

Kadiri, sakataren ƙungiyar unguwarmu ta Maamobi, kai ka kwashe littattafan Anti Ikilima ka ba masu ƙosai su yi ƙunshi. Kada ka ce ba kai ba ne, makullin sito a aljihunka yake kwana. Ni Sadia mai koko ban taɓa zama a aji ba, amma na san ɓarna in na gan ta. Kafin in dawo kanka, bari mutane su san matar da ka taɓa.

Kullum bayan la'asar Anti Ikilima takan fito da baho a ka kamar mai tallan burodi, sai dai littattafan yara ne masu hotuna a ciki. Ta shimfiɗa tabarma a barandar ƙungiya, ta ajiye buta da sabulu. Wanda bai wanke hannu ba ba ya taɓa littafi, ko ɗan liman ne. Tun tana raino a makarantar ƙanana take wannan. Ta bar aiki, gwiwa ta fara ciwo, ba ta fasa ba.

Kowane littafi da lokacinsa, kowane lokaci da buhunsa a sito. Damina ta kama, kwata ta tumbatsa, sai ga na kwaɗi da lema da kwalekwale. Layya ta matso, raguna suka cika hanyar Kanda, sai na dabbobi. In 'yan ƙabilar Ga, masu garin nan, suka hana kiɗa kafin bikinsu, gari ya yi tsit, sai ta fito da na barci, tana karantawa ƙasa-ƙasa. Masu dusar ƙanƙara kuwa, waɗanda ke zuwa cikin dilar gwanjo, takan ɓoye su sai lokacin da rana ke gasa kwanon rufi.

Saaka mai gyaran babur ya taɓa tsokanarta: "Anti, a wannan zafi kike nuna musu ƙanƙara? Ai mugunta ke nan."

Ta ce, "Kai da fanka a shago. Su wannan ce fankarsu. Matsa, ka tare mana iska."

Iyaye ma ita ke zaɓa musu. Ranar da na ɗauki wani mai kauri don jikata Salwa, karɓewa ta yi. "Mma Sadia, wannan ya fi ƙarfinta. Kai mata mai agwagwa, layi ɗaya a shafi. Ke ki nuna hoto, ita ta faɗi baƙi." Haka muka yi, ina dama koko tana haɗa baƙaƙe, har yarinya ta kama.

Ikilima, ke ce rijiyar bakin hanya. Ke ce kika sa yaran lungunmu suka san azumi ya kusa tun kafin manya su fara maganar wata.

To, da Kadiri ya shiga sito ya ga buhuna da ƙura, sai ya yanke cewa shara ce, tunda ba ya ganin su a baranda. Bai tambayi kowa ba. Buhun da ke bakin ƙofa ya ja, shi ne na azumi, ya raba. Da safe na sayi ƙosai, na buɗe ƙunshi, sai ga hoton jinjirin wata da yara suna ɗaga kai, mai ya jiƙe su sharkaf.

Ni na yi ta zage-zage. Anti Ikilima kuwa, da na kai mata, ɗaga takardar ta yi wajen rana ta ce, "Dubi, mai ya sa watan yana haske." Mata suka bi masu ƙosai da masu gyaɗa har Kotobabi suna karɓo shafuka. Yanzu tana nan da allura da zare tana ɗinkewa, yara na taya ta gane wane shafi ke bin wane, ana ta dariya. Amma fiye da rabin shafukan sun riga sun faɗa kwata, ga azumi a bakin ƙofa.

Mun gode, Ikilima. Allah ya ƙara wa gwiwarki ƙarfi, ya saka miki a inda ba mu iya ba. Ku kuma 'yan Nima da Zongo Lane, in babu irinta a lungunku, ku zama ita. Baho da tabarma ne kawai, sai haƙuri.

Ita ta yafe. Ni ban yafe ba. Kadiri, ranar Juma'a bayan an sauko, ka zo baranda gaban yaran nan ka faɗa musu da bakinka wa ya ba ka izini, kuma me za su karanta daren da aka ga wata.