Ranar da na sa abokina ya dafa ƙasa

Shekarun baya, zamanin Nasara, ina mushe, wato malamin boko, a lakwal ɗin Magaria, makarantar gwamnati, aka kawo mana wani kumandan, Bafaranshe mai mulkin yankin, mai son wasan rugbi kamar ransa. Balo ne mai siffar ƙwai, ana rungumarsa a ruga da shi, a ƙetare layin abokan karawa a dafa shi a ƙasa, sannan a sami maki. Da na ji yana neman ƙarti, don neman suna na ce ina da mutum.

Mutumin kuwa abokina ne ɗan Dungas, ɗan kokawa da ba a taɓa kayarwa ba. A kokawarmu, in mutum yana riƙe da kai ka dafa ƙasa, ko da hannu ne, an kayar da kai. Da na kwatanta masa wasan, sai ya ce:

"Mushe, in dafa ƙasa a gaban jama'a?"

"Kai kaɗai za ka sunkuya ka ajiye. Wa zai iya riƙe ka har layi?"

Ni da ko ɗan akuya ban taɓa kayarwa ba, ni na ba shi wannan tabbaci.

A Magaria haka aka yi ta yi, ba mai iya tare shi. Sai kumandan ya shirya karawa da mutanen wani jami'in Ingilishi na ƙetaren iyaka. Suka iso cikin babbar mota da wani saurayi Bature ɗan ƙasar Wales, gajere, wuyansa kamar turmi. Aka ce tun yana yaro yake buga wa kulob ɗin garinsu, har ya taɓa sa rigar ƙasarsu. Ranar wasa da safe kumandan ya kira ni ya ce in aka kunyata shi, in ɗaure kayana, lakwal ɗin can cikin hamada na jiran mushe. Mahaifiyata kuwa tana kwance ba lafiya, abokina ma ya san haka.

Mutanen Dungas suka cika fili, har da makaɗin abokina. Ana dab da tashi baƙin suna gabanmu da maki kaɗan, sai balo ya faɗa hannun abokina. Ya ture ɗaya, ya ture na biyu. Ɗan Wales ɗin nan ya nutso ƙasa ya cafke shi a ƙugu. Abokina ya ja shi, taku ɗaya, taku biyu, har ya ƙetare layi, sannan ya tsaya ƙyam. Balo a ƙirjinsa, Bature a ƙugunsa, alƙalin wasa yana duba agogo.

Makaɗi ya saki takensa. Mutanen Dungas suna ihu: "Tsaya da ƙafarka! Kada ka yarda!" Na waiga na ga fuskar kumandan ta yi ja wur. Ban san lokacin da na ƙwalla ba:

"Dafa! Don Allah ka dafa!"

Ya juyo ya dube ni. Sai ya durƙusa, Bature na maƙale da shi, ya dafa balo a ƙasa.

Kumandan ya jefa hularsa sama. Makaɗi ya ɗauke hannu daga ganga. Cikin shirun nan na ji wani tsoho ya ce, "An kayar da shi." Ɗan Wales ɗin ya miƙa wa abokina hannu yana murmushi, bai san abin da ya faru ba.

Mun ci wasa, na zauna a Magaria. Abokina kuwa da kaka ta zo ya ƙi shiga filin kokawa, don yaran Dungas sun riga sun sa shi a waƙa. Bai sake ɗaura warki ba. Da na je ba shi haƙuri na tarar da shi yana gyaran rumbu. Na ce ai dokar wasan ce haka, ba kaye ba ne.

"Mushe, bar shi," ya ce. "Da na so, da har magariba ina tsaye da shi. Muryarka na ji."

Na yi shekaru ina koya wa yara cewa kada su yi alkawari da abin da ba nasu ba, ban taɓa gaya musu inda na koyo ba. Ya rasu bai ƙara tayar da maganar ba, ni kuwa har yau kunyarsa nake ji.