Batirin da na haɗa wa motar Hajiya

A lokacin da abin ya faru ina zaune a Guangzhou, ina saya wa mutanen gida kaya ina tura musu. Kafin nan rewaya ne ni a Kano, shekaru ina gyaran wayar mota, kuma an san ni da tsari. Ba na son a koya mini aikina. Wannan halin ne ya kai ni ga abin da zan ba ku labari.

Maigidana, wanda ya kawo ni ƙasar nan, mahaifiyarsa ta kamu da ciwon huhu. Hajiya ba ta iya daɗewa ba tare da na'urar oksijin ba, ga shi ta ƙi barin ƙauye, ga asibiti a Kano. Sai ya ce in nemo masa mota mai ɗaki a ciki, mai gado da firji, wadda za a riƙa kai ta tana kwance. Na samo. Irin wannan mota batir biyu gare ta, ɗaya na tada inji, ɗaya na kayan ɗaki. Na cire na ɗakin, tsohon mai ruwa, na sayi na litiyam don ya daɗe yana riƙe na'urar. Lawban, wato mai shagon, ya ce sai na haɗa da wata 'yar na'ura da ke shiga tsakanin altaneta mai yin caji da batirin, tana rage wutar da yake ja. Na ce ya kawo. Ya ce meyo, wato babu, ta ƙare, sai bayan hutun sabuwar shekararsu. Jirgin ruwan da zai ɗauki motar kuwa ba zai jira ba. Na ce a raina batir batir ne. Na haɗa shi a kan tsohuwar wayar, na tada mota, fitila ta kama, na rufe kwantena.

Bayan hutu na koma shagon kan wani aiki. Da lawban ya ji yadda na yi, sai ya ajiye shayinsa ya yi mini bayani. Batirin litiyam idan ya yi ƙasa ba ya shan wuta a hankali kamar mai ruwa, janta yake yi iya ƙarfinsa har altaneta ta yi zafi ta ƙone. Na gane sarai. Na sayi na'urar, na ce zan ba wani mai tafiya gida. Amma aika ta na nufin in gaya wa maigida na yi masa aiki rabi, kuma kunya ta hana ni. Kullum sai in ce gobe.

Wata rana da la'asar ina tafe a titin Huanshi Lu, direban motar Hajiya ya kira ni. A gida hantsi ne. Ya ce yallaɓai suna kan hanya da Hajiya, mota tana warin ƙonewa, jar fitila ta kama, yanzu ma ta mutu a daji. Na tambaye shi abin da allon batirin ya nuna. Ya ce saura kaɗan, don da shi na'urar oksijin ta kwana, an ɗauke wuta. Na ce ya kashe firji, ya kashe fanka, ya kashe komai ban da na'urar oksijin. Daga nan ilimina ya ƙare. Ina tsaye a bakin titi, mutane na wuce ni, ina jin numfashin Hajiya ta cikin waya, ina jin 'yarta tana ce mata Inna ki yi haƙuri. Abin da zai hana wannan yana cikin ɗakina a kwalinsa. Direba ya yi ta tambayata sai me kuma.

Wani mai motar haya ne ya tsaya ya ɗauke su. Hajiya ta isa asibiti da rai, amma ba ta sake komawa ƙauyen da take so ba. A Kano ta cika.

Na gaya wa maigida gaskiya bayan sadakar bakwai. Ya ce kwana ne ya ƙare, Allah ya kiyaye gaba. Bai yi mini faɗa ba. Har yau yana aiko ni, amma yadi da takalma kawai.

Ina jan kunnen 'yan uwana masu sana'a. Sabon kaya ba tsohon da ka sani ba ne, ka tambaya, kuma ka ji abin da aka gaya maka. Idan ka gano ka yi kuskure, ka faɗa ran nan, tun ana iya gyarawa. Kunyar da na guda ta magana ɗaya ce a waya.