Layin da Ba Chilala ta goge

Shekara goma sha tara Ba Chilala Munsanje ta yi tana kula da kwamfutocin wata kwalejin malamai a Monze. "Ba" ɗin nan laƙabin girmamawa ne a wajenmu. Ni magatakarda ce a ofishin jarrabawa, ɗakinta na jikin namu, ɗan ƙuƙut, ba taga, sai ƙugin fanka. Ba mai tunawa da ita sai abu ya lalace.

Babbar na'urar da ke ajiye sakamakon ɗalibai kafa biyu gare ta. Wayar ɗaya ta bi cikin kwalejin, ɗayar ta nufi ma'aikatar ilimi a Lusaka. Wata Litinin aka ɗauke wuta, da aka kawo sai na'urar ta rikice. A cikin gida komai lafiya, amma in mutanen Lusaka suka neme ta, shiru. Ga shi ranar Juma'a ake rufe karɓar sakamako.

Kwana uku tana fama. Ta sauya wayoyi, ta kira masu layin, suka rantse nasu ƙalau yake. Tuwon nshima da ƙananan kifin kapenta da take kawowa sai su huce a kwano ta mayar gida. Kullum shugaban kwalejin sai ya leƙo ya tambaya ko a ɗauko wani mai sabon ilimi daga birni. Ita dai sai ta ci gaba da aikinta.

Ranar Alhamis da hantsi na kai mata shayi, na tarar ta zuba wa allon ido. Ta ce ta gano. Saƙon Lusaka yana shigowa ta kafar waje, amsarsa kuma sai ta fita ta kafar gida, ta ɓace. An rubuta wa na'urar hanyar fita har biyu, da ta tashi bayan ɗaukewar wutar sai ta bi wadda ba ita ba.

Na tambaye ta wane sakarai ne ya rubuta ta biyun.

"Ni ce, ƙanwata," in ji ta. "Shekara shida ke nan, ranar da aka kwantar da mahaifiyata a asibiti. Na sa ta don gwaji, na ce gobe zan cire. Goben muka yi jana'iza."

Ta goge layin rubutun da ya ba da hanya ta biyun. Kafin la'asar sakamako ya isa Lusaka. Shugaba ya ce ashe ɗan ƙaramin abu ne, ya wuce.

Ta nemi hutun kwana biyu ta je Namwala ta share kabarin mahaifiyarta. Ɗaya aka ba ta, wai injin buga takardu na ɗakin karatu ya tsaya.