Wandon Yaya Bello a Roƙon Ruwa

Jama'a, yau wandon Yaya Bello ya shiga roƙon ruwa!

Kun san tun da ya dawo daga Sakkwato da keken tseren nan bai bar kowa ya huta ba. Da sahe ya ce in ɗauko tsohon kekena mu hau tudu, mu zagaya tabkin bayan Gatawa. Tabkin ma ya ƙahe, ƙasa duk ta tsattsage. Shi ko ya sanyo ɗan wandonshi mai kama jiki, iya gwiwa, da hular kwano.

Muna gangarowa daga tudu sai munka yi kiciɓis da tsofaffin mata, sun hito roƙon ruwa don gero na ta bushewa. Kun san al'adar, kowace ta sanya rigar mijinta da wandonshi.

Inna Hajo, wadda ke ja musu gaba, ta tare hanya. Ta dube shi sama da ƙasa.

Ta ce, "Allah shi yi ma albarka, ɗana. Mu mun sa na mazanmu, kai ka sanyo na matarka."

Ya ce, "Inna, kayan motsa jiki ne."

Ta ce, "Bar jin kunya, lada za ka samu. Shige gaba."

Haka ya tura keke gaban ayari, suna addu'a shina amin, ni ina baya ina danne dariya.

Ba mu gama zagaya tabkin ba hadari ya taso, anka yi yayyafi.

Yanzun nan Inna Hajo ta aiko gida: kar ya kuskura ya tuɓe wandon nan sai gero ya nuna.