Idon Alisabatu da Ba Ya Rufuwa

Ranar Lahadi ce, mun dawo daga coci ke nan. Mama ta shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron gidanmu a Garatu ta kwanta, ko ɗankwalin cocin ba ta kwance ba. Ina zaune a kan benci da waya a hannu, ina cike takardar neman aiki ta ban san ko ta nawa ba. Da na ɗaga kai sai na ga kamar tana kallona da ido ɗaya. Na ce, "Mama, lafiya?" Minshari ma take yi.

Idonta na dama a rufe yake. Na hagu kuwa a buɗe, farin a waje da ɗan gefen baƙin. Ina kallo ƙuda ya sauka a bakin idon, ya taka har cikin jiƙaƙƙen wurin, ya tsaya yana goge ƙafafunsa. Ba ta ƙifta ba.

Wayar ta suɓuce mini. Na hagun nan shi ne idonta mai kyau. Na daman, tun ina firamare sandar doya ta soke shi a gona, dishi-dishi kawai take gani da shi.

Abin mamaki, wata bakwai kafin wannan rana, lokacin da aka gaya mana cewa kuturta ce take damunta, ban ji tsoro ba. Ilimin ƙwayoyin cuta na karanta a jami'ar da ke Gidan Kwano, na san ana warkewa. Har ina yi wa yayana Isaiah bayani da gadara: shekara ɗaya ta shan magani, shi ke nan.

Sunanta Alisabatu, amma a kasuwar doya Maman Isaiah ake kiranta. Tun rasuwar Babanmu dako take yi. Idan manoma sun sauke doya a bakin titi, ita da sauran mata ne suke kwasa su kai inda 'yan sari suke tara tasu kafin mota ta zo. Mu Gbagyi ba ma ɗora kaya a ka. A kafaɗa mata suke ɗauka, can wajen tushen wuya, su ɗan sunkuya su riƙe bakin masaki ko baho da hannu ɗaya. Duk macen da ta daɗe a wannan aiki tana da kanta a wurin, fatar ta yi tauri ta canza launi. Ta Mama ta fi ta kowa faɗi, kuma maimakon ta yi duhu sai ta yi haske, kamar an shafa toka.

Babu wanda ya ga cuta a wurin. Abin yabo aka gani. Sauran mata idan sun yi sawu goma sai su zauna suna murza kafaɗa, Mama kuwa ta wuce su tana tsokana: "Ku yi ta hutawa, matan gwamna." Hajiya Lailatu, wata 'yar sari da take zuwa daga Tudun Fulani, ba ta yarda kowa ya taɓa doyarta sai ita. Takan ce, "Wannan baiwar Allah kafaɗarta ta ƙarfe ce." Ni kuma duk hutun da na zo gida nakan shafa mata man kaɗe a wurin. Na zana hoton ƙwayar cutar nan a jarrabawa, na ci maki mai kyau, na dawo na ci gaba da shafa mata mai a kai shekara uku. Ban taɓa tambayarta ko tana jin hannuna ba.

Hajiya Lailatu ce ta gano. Bakin wani tsohon baho ya tsage ya yanki Mama a kafaɗa, jini ya jiƙa mata riga har ƙugu, ita kuma tana ta sawu tana hira. Hajiya ta sa aka sauke mata kayan, ta tura ta asibiti a Minna da kanta. Daga can aka aike mu wani ƙaramin ɗaki a bayan asibitin, inda ake duba masu cutar fata. Mai kula da ɗakin sunansa Malam Kudu, Banufe ne, dogo, mai yawan barkwanci. Ya shafa auduga a kan tabon, ya latsa jijiyar gwiwar hannunta, ya ɗan yanki fatar kunnenta ya kai gwaji. Ya kuma daɗe yana duban wani ɗan tabo a kumatunta na hagu, wanda muka ɗauka ƙyasbi ne. Da sakamako ya fito, ƙasa-ƙasa ya faɗi sunan cutar, bayan ya tura ƙofa.

Tun daga nan duk wata muke zuwa. Ta haɗiyi ƙwayoyin farko a gabansa, ya ba ta katin sauran, sannan a yi gwajin biro. Zai riƙe tafin hannunta ya ce ta rufe ido, ya taɓa ta da bakin biro a wurare goma, ita kuma ta nuna inda ya taɓa. Haka ma ɗaya hannun, haka tafin ƙafa. Mama takan sunkuyar da kai, ɗankwali ya sauko har gira, domin ba ta kallon namiji baƙo a fuska. Goma cikin goma take ci, kowane wata.

"Maman Isaiah," in ji shi, "hannun nan naki ya fi nawa lafiya. Mu yi musaya mana."

"Naka bai iya ɗauka doya," ta ce da Hausarta ta kasuwa. "Biro kawai."

Ya ce mini ni ma in riƙa duba ta a gida, in lura da ido da yatsu. Na ce to. Na yi sau biyu ko uku na daina, tunda ga kati yana cewa komai lafiya.

Washegarin Lahadin nan, ko karyawa ba mu yi ba na sa ta a mota zuwa Minna. Duk hanya tana faɗa, wai ranar kasuwa ce, wai na cika tsoro kamar kaza. Na gaya wa Malam Kudu abin da na gani. Dariyar da ya tare mu da ita ta ɗauke. Ya ce ta rufe ido, ta matse su gam, suka rufu. Ya ce, "A'a, ba haka ba. A hankali, kamar za ki yi barci. Ɗago kanki." Ya tura ɗankwalin baya da kansa. Na hagun ya tsaya a hanya. Ya sa rula a gefen idon ya auna tazarar, ya rubuta.

Ya zauna yana juya biron a hannu. Can sai ya ɗauko wani kwalin magani ya miƙo mini. "Magdalina, riƙe wannan tsakanin fuskarta da hannunta."

Ya taɓa gindin ƙaramin yatsanta na hagu. Mama tana zaune, tana jira. Ya sake taɓawa, ya danna har fatar ta lotsa. Ta ce, "Ka fara mana, Malam." Wuri shida cikin goma ba ta ji ba.

"Maman Isaiah," ya ce, "leƙe kike yi mini?"

Ni ta juyo ta yi wa magana da yarenmu, ni kuma na fassara. Ta ce ba da gangan ta fara ba. Wani wata ne ta rufe ido, sai ta ga tana hango hannunta ta ƙasan na hagun, ta ga biron ya sauka amma ba ta ji shi ba, sai ta nuna wurin. Ta ce a ranar akwai wata mata a layi da ta kasa gwajin, aka kwantar da ita sati uku. In ita ma an kwantar da ita, me za ta ce wa matan kasuwa? Ta gaya musu ciwon suga ne yake kawo ta Minna. In suka ji gaskiya, wa zai sake cin tuwo a kwano ɗaya da ita, wa zai taya ta ɗora kaya?

"Idon bai yi miki zafi ba?"

"Ba zafi. Ruwa kawai yana zuba."

"Rashin zafin shi ne matsalar," ya ce. Ya dafe goshi. "Laifina ne. Shekara goma sha tara ina wannan aiki, na bar ɗankwali ya rufe mini fuskar mutum."

Na ce masa ai ba ta taɓa tsallake magani ba, ni shaida ce. Ya ce ya sani. Maganin yana kashe ƙwayar cutar, amma wani lokaci jiki yakan tashi yaƙi da gawarwakin, jijiya ta kumbura ta shaƙe. Wani ba ya taɓa samun haka. Wani sai ya gama magani da shekara. Ba wanda zai iya cewa yaushe, ko wace jijiya, shi ya sa ake gwajin duk wata. Akwai ƙwayar da take sauke kumburin, kuma in lalacewar ba ta wuce wata shida ba, sau da yawa jijiyar takan farfaɗo.

"To, tun yaushe?"

Mama ba ta lissafi da wata. Ta ce lokacin da ake kafa wa doya sanda. Sai kuma ta ce a'a, kamar ruwan farko bai sauka ba tukuna. Tsakanin maganganun nan biyu akwai kusan wata biyu, kuma har yau ba ta tsayar da ɗaya ba.

A ranar ya rubuta mana takarda zuwa sashen ido na babban asibiti. Likitar, wata mata mai gilashi da ba ta da yawan magana, ta ɗiga wani ruwa rawaya a idon, ta haska shuɗiyar fitila, ta ce in leƙa. A tsakiyar baƙin idon akwai wani wuri kore, bai kai ƙwayar dawa ba. Ta ce gyambo ne. Ido ya bushe, ƙura da hayaƙin murhu suna shiga, mai shi ba ta ji balle ta kare. In ya warke da wuri, zai bar ɗan tabo. In ya ci ciki, hakiya ce za ta rufe wurin, ko idon ya huje.

Muka tare a ɗakin Isaiah a Kpakungu don kusa da asibiti, shi ya koma kwana a shagon waldarsa. Kowace awa ina ɗiga magani. Kwana huɗu gyambon ya ragu, likita ta ce madalla. A kwana na bakwai ya fi yadda muka fara ganinsa. Ban san abin da na yi ba daidai ba, ta ce ba lallai ne na yi wani abu ba. A lokacin ne kuma tabon kafaɗar da na kumatun suka tashi suka yi ja suna sheƙi, gwiwar hannunta ta kama zogi, mace da ban taɓa jin ta yi raki ba tana cizon zane. Malam Kudu ya ƙara yawan ƙwayar sauke kumburin da ya ɗora ta a kai. Zogin ya kwanta, fuskarta ta kumbura, yatsu biyu kuma sun fara lanƙwashewa.

Makon jiya likita ta ɗinke fatar idon, ta sama da ta ƙasa, ta bar ɗan gefe inda zan riƙa sa magani. Ta ce a bar shi a rufe kwana goma ya huta.

Yanzu da na daman kawai Mama take gani, wato ba ta ganin komai sosai. Tana gane ƙofa saboda haske. Bayan gida ni nake kai ta, ta lungun da maƙwabta suke wanke-wanke, ta riƙe mini kafaɗa tana sunkuyar da kai. Ba ta saba zama ba. Tana ta laluben abin yi, ta ɓare gyaɗa, ta tsince shinkafa da hannun dama, ta tambaye ni ko hadari ya haɗu.

Hajiya Lailatu ta zo shekaranjiya da kunun gyaɗa a fulas. Ita ta san komai tun farko, ba ta gaya wa kowa ba. Ta zuba a kofi ta kurɓa, ta miƙa wa Mama kofin.

"Doyata tana can a zube, Maman Isaiah. Waɗancan ragwayen duk sun kakkarya mini ita."

"Hajiya, ki nemi wani. Ni ya ƙare."

"Ke dai rufe mana baki. Ido ɗaya aka ɗinke, ba bakin ba, abin haushi."

Mama ta yi dariya, rabin fuskarta kawai ya motsa. Da Hajiya ta fita na raka ta bakin titi, sai ta riƙe hannuna ta tambaye ni gaskiyar magana. Na ce ban sani ba. Ta ce, "Ke da kika yi jami'a?" Ba da gatse ta faɗa ba, da gaske take tambaya.

Ina ta haska tocin waya ta ɗan gefen da aka bari, ko zan hango wani abu. Ja kawai nake gani da ruwa. Wani lokaci Mama takan ce tana ganin hasken, wani lokaci ta ce a'a. Na daina yarda da amsarta, ita ma ta san na daina.

Yau Talata. Jibi Alhamis da ƙarfe takwas za a cire zaren. Isaiah ya yi magana da wani mai keke napep zai zo ya ɗauke mu. Na tambayi likita abin da take tsammani, ta ce ba za ta iya cewa komai ba sai ta buɗe ta gani.