Awakin Kaka Falmata

Ranar wata Laraba, a daminar shekarar da aka rufe layukan waya a Borno, kakata Falmata ta iso gidanmu na Abbaganaram a ƙafa daga ƙauyensu da ke bayan Khaddamari. Ƙafafunta duk sun kumbura, tana jaye da awaki uku. Ta baro gero da tukwanenta, amma ta ƙi barin awakin, domin su ne bankinta.

Su can haka suke ajiya. In mace ta sayar da gyaɗa sai ta sayi akuya, in ciwo ko biki ya taso sai a kai ɗaya kasuwa. To a birni ina ciyawa, ga shi ba mai iya fita daji? Mu jikoki muka koma ma'aikatan bankin, ba albashi. Da an tashi makaranta sai mu bi masu ƙosai da masu kankana muna tsintar ɓawo, mu dawo mu yi 'yar gala-gala a tsakar gida, awakin suna cin bakin littattafanmu.

Baba ya yi ta lallashinta ta sayar ta kai kuɗin banki kafin yunwa ta kashe su. Sau ɗaya ta yarda ta je. Aka ce ta kawo katin shaida da takardar wuta, ita da ko fitilar lantarki ba a taɓa kunnawa a ƙauyensu ba. Ta dawo tana tsaki. "Ni ba su san ni ba, kuma takardarsu ba ta haihuwa."

Biyu suka tafi a maganin Baba da ya kwanta ciwo, saura wata ja, wadda take fatan sake tara garke da ita in an koma gida. Da lokacin jarrabawar gama firamare ya zo, aka ce duk wanda bai biya ba, ba zai zauna ba. Na yi kukana a bayan ɗaki. Washegari da hantsi Kaka ta fita da jar akuyar, ta dawo da igiya kawai. Ta miƙo mini kuɗin jarrabawar. "Ungo, Yagana. Yanzu ke ce ajiyata."

Yau albashina a waya yake shigowa, in danna in aika inda nake so, ba ɓawo ba ciyawa. Kaka kuwa ba ta koma ƙauye ba, ta rasu ina aji biyu na sakandare. Ina kewarta ƙwarai, ban kai ga saya mata ko ɗan akuya ba.