Tayar da ba a ƙona wa Yaya Sabo ba

Shekara bakwai ke nan da aka binne yayana Sabo a cikin yashin hamada, ba mu ko ga fuskarsa ba. Duk lokacin da sanyi ya shigo Dutse sai abin ya dawo mini sabo fil.

Direba ne kuma bakanike. Shi ke jan wata mota mai gado da kicin a ciki, ta wani mutum da ke kwasar masu yawon buɗe ido zuwa hamada da sanyi, su kwana a tanti, su taka tuddan yashi da ƙafa. Kafin kowace tafiya sai Yaya ya tasa su gaba su hau duwatsun bayan gari, suna haki yana yi musu tsiya.

A tafiyar ƙarshe lagireto ya fashe, ruwa ya tsiyaye. Da hantsi Yaya ya ɗauki jarka biyu ya nufi wata rijiyar makiyaya da ya sani. Abu ɗaya ya roƙe su: in rana ta take su ƙona tsohuwar taya, domin iska na share sawu, hayaƙi kaɗai ke dawo da mutum. Kafin azahar wata babbar mota ta biyo, ta ɗaura musu igiya don ta ja su. Mai gidan Yaya, wanda ya shirya tafiyar, ya ce a wuce, ai Sabo ɗan gari ne a hamada. Ko ashana ba a ƙyasta ba. Bayan kwana biyar makiyaya suka tsinci gawarsa.

Mu kuwa har gida aka zo aka ce mana taurin kai ya yi, ya fita ba izini. Inna ta rasu tana roƙon Allah ya yafe wa Sabo gangancinsa. Daga baya ne wata malamar makaranta 'yar Ringim, wadda ke cikin motar ranar, ta nemo ni tana kuka, ta faɗa mini gaskiya.

Da za ka leƙo yau, Yaya, ka ga mutumin nan a waya, da rawani irin na Buzaye, yana koya wa matasa cewa ba a barin ɗan'uwa a baya. Na san dariya za ka yi, ka ce a ƙyale shi. Ni ban samu wannan sanyin zuciyar ba, kuma ba na nema.

Watan jiya mutumin ya zo gidanmu neman yafiya, wai zai tafi Makka. Kawu ya kira ni zaure.

"Binta, baƙo ya zo da alheri. Ki ce kin yafe."

Na ce, "Kawu, ya tsaya a masallacin unguwa bayan Juma'a, ya faɗi wanda ya ce a wuce. Shi ke nan sharaɗina."

Mutumin ya sunkuyar da kai, ya ce, "Hajiya, abin da ya wuce ai ya wuce." Ya saka takalmansa ya fita.

Yaya bai bar gida ko gona ba. Sunansa ya bari, da 'ya'ya mata biyu da suka taso suna jin ana cewa ganganci ne ya kashe ubansu. Su karanta nan su sani: ruwa ya je nemo wa mutane, aka tafi aka bar shi.

Kai kuma da ka ce a wuce, ka je ka yi ɗawafinka. A kowace sujada ina kiran sunanka da na mahaifinka, don kada a samu kuskure. Ban yafe ba.